Daga Tiga Zuwa Singa: Tarihin Kifin da Bai Iso Ba

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Singa da hantsi ya ga yadda Kano ke ci. Tireloli na sauke kaya, 'yan dako na kai da kawowa da katan uku-uku a ka, dillalai na ƙwala farashi ta waya ga abokan cinikinsu na Damagaram da Maiduguri. Sukari, taliya, madara, shinkafa, sabulu. A cikin waɗannan tsaunukan kwali akwai wani kaya da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa, wato kifin gwangwani. Ɗauki gwangwanin Titus ka juya bayansa, za ka ga a Maroko aka yi shi. A Tekun Atlantika aka kamo kifin, ya zagayo ta tashar jiragen ruwa, sannan ya hau mota tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ya iso shagon da kake tsaye. Ka ɗan taka zuwa cikin Sabon Gari kuma, ga shagunan sanyi cike da kifin ƙanƙara, shi ma ɗan teku ne, galibinsa daga ruwayen Turai da gaɓar Afirka ta Yamma.

Kimanin kilomita saba'in kudu da wannan kasuwa akwai tafkin Tiga, ruwa mai faɗin murabba'in kilomita 178 idan ya cika. Kusa da shi ga Bagauda. A yamma ga Challawa a ƙasar Ƙaraye, ga Watari a Bagwai, ga wasu ƙanana birjik. Jihar Kano ta tara ruwa mai yawa da hannun mutum ya tare. Amma babbar kasuwar abincinta ba ta san kifin waɗannan ruwaye ba.

Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha maimaitawa sun ce Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Saboda haka matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. Sai dai labarin Kano yana da wani ɓangare da ba a cika bayarwa ba: waɗannan tafkuna ba don noma kaɗai aka gina su ba. An yi musu mafarkin zama wuraren shaƙatawa, inda ma'aikaci zai je ƙarshen mako ya hau kwale-kwale ya jefa fatsa. A daidai lokacin da ake wannan mafarki a nan, wasu mutane a Amurka sun yi irinsa a kan tafkunan da su ma madatsu ne suka haife su. Nasu ya zama sana'a mai juya biliyoyin daloli. Namu ya zama kango da labari.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu, Kano ta sami jiharta, aka naɗa mata ɗan sanda, Audu Baƙo, gwamna. Kwana kaɗan bayan haka, a farkon Yuni, wani dillalin inshora ɗan jihar Alabama mai suna Ray Scott ya tara mutum 106 a tafkin Beaver da ke Arkansas, kowa ya biya dala ɗari, suka yi gasar kama wani kifi da suke kira bas. Tafkin sabo ne fil, shekara ɗaya da kammala madatsarsa. Babu wanda ya san da wani a cikin mutanen nan biyu, amma abu ɗaya ne a gabansu: sabon ruwa a inda da ƙasa ce, da tambayar me za a yi da shi.

Kano ba garin kogi ba ne. Ruwan birnin na gargajiya rijiyoyi ne da kududdufai da Jakara. Kifin da Bakano ya sani a da daga nesa yake zuwa: banda daga Tafkin Chadi ta hanyar Baga, busasshe da ɗanye daga fadamun Haɗeja, sai abin da masuntan Wudil suka samo a kogi. Audu Baƙo ya ƙuduri aniyar sauya wannan taswira. Aka fara da Bagauda, wadda aka gama a wajajen 1970, aka raɗa mata sunan sarkin Kano na farko. Sannan aka shiga babban aikin, Tiga, daga 1971 zuwa 1974: gini na ƙasa mai tsawon kusan kilomita shida da aka gitta wa Kogin Kano, mai iya riƙe ruwa kusan mita biliyan biyu a ma'aunin ɗaki. Ana cikin aikin fari ya afka wa yankin Sahel, shanu suka faɗi, gero ya ƙone a gona. Duk wanda ke shakkar hikimar tare ruwa, farin 1973 ya rufe masa baki. Shirin da ya faro ya haifar da madatsu fiye da ashirin a tsohuwar jihar, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau.

Noman rani shi ne ginshiƙi, kuma ya samu. Shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam duk 'ya'yan Tiga ne, haka ma wani kaso na ruwan famfon birni. Amma gwamnan mutum ne mai son wurin hutu. Shi ya gina gidan namun daji da ke ɗauke da sunansa har yau. A bakin Bagauda aka gina otal mai ɗakuna zagayayyu irin na bukka, a Tiga kuma aka ɗora wani otal ɗin a kan dutse yana leƙen ruwa. Shekarun kuɗin man fetur ne, masana'antun Bompai da Sharaɗa na aiki dare da rana, garin cike da injiniyoyi Turawa da 'yan kasuwa Kwarori da sababbin manyan ma'aikata masu mota. An yi lissafin waɗannan ne za su cika ɗakunan. Sun kuwa je, na ɗan lokaci.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi kifin kansa, domin shi ne aka fi mantawa da shi a labarin.

Sabon tafki yana da wata ɗabi'a da masana suka gani a nahiyoyi daban-daban. Idan ruwa ya haɗiye gonaki da bishiyoyi da ciyayi, duk suna ruɓewa su zama taki, ƙananan halittu su yawaita, kifi ya sami abinci da maɓoya, ya hayayyafa fiye da kima. Masunta su ji labari su yi ƙaura su zo. Bayan 'yan shekaru takin ya ƙare, masunta kuwa sun ninka. A tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, kamun shekara ya kai kimanin tan 28,000 a 1971, ya faɗo ƙasa da tan 5,000 a 1978. Wanda bai san wannan ɗabi'a ba sai ya ɗauka albarkar shekarun farko ita ce ta dindindin. Idan kamu ya ragu, masunci ba ya barin ruwa, don ba shi da wata gonar. Sai ya rage idon kalli. Ƙaramin ido ya kama kifin da bai kai ga yin ƙwai ba, baɗi kamu ya ƙara raguwa, a ƙara rage ido. Ƙarshen wannan hanya shi ne gidan sauro a matsayin taru, da zuba gamalin a ruwa. Wanda ya saba sayen kifi a bakin dam ya san abin da ke cika kwarya: 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba, kawara, tarwaɗa, sai jefi-jefi ragon ruwa mai ɗan gwaɓi.

Amurkawa ma sun sha wannan faɗuwar. Daga shekarun 1930 gwamnatinsu ta datse koguna da yawa a kudancin ƙasar don wutar lantarki da kare ambaliya, kifin bas ya mamaye sababbin tafkunan, sannan ya fara raguwa. Shi bas ba wani babban kifi ba ne. Mafi girma da aka amince da shi a tarihi kilo goma ne da ɗoriya, wanda wani matashin manomi, George Perry, ya kama a Jojiya a 1932. Abin da ya sa ake sonsa shi ne faɗa: mafarauci ne mai faɗin baki, yana kai wa ƙugiya sura, yana tsalle sama da ruwa idan ya ji ta kama shi. Kama shi a lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, ilimi ne mai zaman kansa. Saman ruwa kan yi ɗumi, can ƙasa kuma iskar da kifi ke shaƙa ta yi ƙaranci, sai ya laɓe a tsakani, ko a inuwar ciyayi da gadojin katako. Da hantsi ya ɗaga masu jiragen gudu da 'yan ninƙaya sun cika tafkin, sai kifin ya ƙara nutsewa ya ƙi cin komai. Don haka mai fatsa kan fita da asuba, ko bayan magariba, ko tsakar dare. Masuncin Haɗeja ba zai ji wani sabon abu a nan ba. Shi ma ya san kifi na gudun zafin rana da hayaniya.

Abin da zai zame masa sabo shi ne yadda aka ɗaure kuɗi da kifi. A 1950 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Dingell-Johnson, ta keɓe harajin kashi goma cikin ɗari da ke kan sandar fatsa da sauran kayan kamu, ta ce kuɗin ba baitulmali za su shiga su ɓace ba, jihohi za a raba wa don kula da kifi da ruwa. A 1984 aka faɗaɗa ta har ta haɗa da harajin man jiragen shaƙatawa, wato mai jirgin gudun da ke korar kifi shi ma yana biyan kuɗin renonsa. Kowane mai fatsa yana yankar lasisi. Akwai iyakar adadi da iyakar tsawo, akwai jami'in da zai tare ka ya auna. Ray Scott ya kafa ƙungiyarsa ta B.A.S.S. a 1968, a 1972 kuma ya shigo da ƙa'idar da ta zama al'ada: a gasa a ajiye kifi da rai a cikin akwatin ruwa na jirgi, a auna shi, a mayar da shi tafki. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba. Mutanen garuruwan da ake gasar sun fara ƙorafin baƙi na kwashe musu kifi, shi kuma ɗan kasuwa ne, ya gane kifin da aka kashe sau ɗaya ake sayar da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa Turawa ne suka ƙirƙiro hikimar barin ruwa ya huta. Muna da tamu, kuma ta girmi dokar 1950. A ƙasar Hausa ruwa yana da mai shi. Sarkin ruwa ne ke cewa an rufe wannan gulbi, shi ne ke sa ranar su, galibi idan rani ya yi nisa ruwa ya janye kifi ya taru a wuri ɗaya, bayan ya gama hayayyafa a ambaliyar damina. Wanda ya saci shiga kafin ranar ya san abin da zai tarar, a fada da kuma a bakin mutane. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wannan tsari ne aka yi wa ado. Abin da kyamara ke nunawa shi ne dubban mutane da gora da koma suna rugawa cikin Matan Fada na kimanin sa'a guda. Abin da ba ta nunawa shi ne sauran kwanakin shekara, da aka hana kowa taɓa wannan yanki na kogin. Daga wannan hanin ne ake fito da giwan ruwa da sauran manyan kifaye, kamar mai kilo 75 da ya ci gasar 2005. Giwan ruwa, af, shi ne takwaran bas a wajenmu, mafarauci mai faɗin baki, sai dai ya ninka shi sau goma. A tafkin Nasser na Masar, wanda shi ma madatsa ce ta haife shi, an kama mai kilo 104 da fatsa a shekarar 2000, kuma Turawa na biyan kuɗi mai tsoka su je neman irinsa.

To me ya faru da sabon ruwan Kano? A fahimtata, ya faɗa tsakanin iko biyu. Ba gulbin kakannin kowa ba ne, gonaki ne da ƙauyuka da gwamnati ta tasa ta cika da ruwa. Masuntan da suka taru a bakinsa daga wurare daban-daban suka zo. Suna da shugabanninsu, har da masu sarautar ruwa, amma sarautar da ba ta da ikon cewa an rufe tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 sai bayan damina. Wannan iko na hukuma ne, hukumar kuma ba ɗaya ba ce. Bayan kafa hukumomin raya koguna a 1976, madatsar Tiga ta koma hannun Hukumar Haɗeja-Jama'are ta tarayya, wadda aikinta sakin ruwa ne ga gonaki. Kifi kuwa ya zauna a wani sashe na ma'aikatar gona ta jiha. Doka ma akwai ta: dokar soja mai lamba 108 ta 1992 ta haramta guba da nakiya a ruwayen cikin ƙasa, ta kuma hana yawancin komar da idonta bai kai milimita 76 ba. Amma doka a takarda tana buƙatar jirgi da mai da albashin wanda zai shiga ruwa da ma'auni, kuma ba a taɓa ɗaure wani kuɗin shiga da wannan aiki ba yadda ba zai kwance ba. An gina gidan ƙyanƙyasar kifi a Bagauda, daga baya ma aka buɗe cibiyar koyar da kiwon kifi a can. Zuba 'ya'yan kifi a ruwan da ba a tsare ba kuwa, ciyar da ƙaramin ido ne kawai.

Shi kuma ɓangaren shaƙatawar, an fahimce shi a matsayin gini. Otal, wurin ninƙaya, ɗakin taro. Babu wanda ya ɗauki babban kifi mai rai a matsayin jarin da zai dawo da baƙo baɗi. Da kuɗin mai suka ja baya a shekarun 1980, masana'antu suka fara rufewa, baƙin suka tattara, babu abin da ya rage da zai ja wani ya yi tafiyar sa'a guda. A watan Agusta 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, ta yi ɓarnar rayuka da gidaje da gonaki. An sake gina ta, amma otal ɗin bai koma yadda yake ba. Yau harabarsa ce reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Lauyoyi da yawa da ke karanta wannan sun kwana a ɗakunan da aka gina don masu yawon buɗe ido.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin tafkunan ba tare da an tambaye su ba. Ruwan da aka tare a Tiga, da na Challawa bayan 1992, shi ne a da yake malala kowace damina a fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke bin ambaliya ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Faɗin da ruwa ke rufewa, wanda kan haura murabba'in kilomita 2,000 a shekarun albarka kafin madatsun, ya sauko ƙasa da 1,000 a shekaru da dama na 1980, fari da dam suka haɗu a kansa. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa. A 1998 masana tattalin arziki biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka auna ribar noman ranin sama da asarar noma da kifi da itace ta ƙasa, suka sami cewa ribar ba ta maye ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar ba. Ana iya jayayya da lissafinsu, musamman yanzu da shinkafar Kura ta zama abin da ta zama. Amma ma'anarsa ga batunmu a fili take: Kano ta rage kifin da take samu daga Haɗeja, ba ta kuma reni wanda zai maye gurbinsa a Tiga ba. Da rikicin Boko Haram ya tsayar da kasuwar Baga na tsawon shekaru, hanya ta uku ma ta ƙuntata. Giɓin da ya rage shi ne gwangwani da ƙanƙara suka cike, sai tarwaɗar kiwo ta tankunan bayan gida da ta mamaye kasuwar kifi ta Titin Galadima.

Ban ga hikima a kwaikwayon Arkansas kai tsaye ba. Mutumin da ke sakin kifin da ya kama yana da abin ci a gida. Tafkunanmu ma cike suke da jama'a, amma ba masu hutu ba ne: masunta ne, da makiyaya, da masu injin ban ruwa, da fasinjojin da kwale-kwale ne motarsu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Ruwan da ba a ƙirga fasinjan jirginsa ba, ba a sa ran a auna idon komarsa. Duk wanda ya zo da shirin keɓe wani yanki na Tiga don masu kuɗi su yi fatsa, ba tare da masuncin da ke kwana a bakin ruwan ya ga rabonsa a ciki ba, ya shirya biyan masu gadi har abada.

Abin da ya haɗa Argungu da Arkansas shi ne a kowanne akwai wanda zai iya cewa yau ba a shiga, a kuma ji maganarsa, domin masu jin sun san amfanin hanin zai dawo hannunsu. A ɗaya sarauta ce da kunya, a ɗayan lasisi ne da haraji. Tiga ta cika shekara hamsin a 2024, kuma ruwanta na nan yana isa Kadawa ta babbar magudanar da aka haƙa tun zamanin Audu Baƙo. Shinkafar da ya shayar kan bi ta injinan casa ta iso shagunan Singa a buhu, a jera ta kusa da katan ɗin da ya zo daga Maroko.